Baƙon da Mai Gadi Ya Goya

Shekara talatin da ɗaya ina gadi a madatsar Sinnar,
ko akuya ba ta ƙetare ƙofata da dare ba.
Yau ga ni a Mai Wurno, bakin gadon igiya,
jikana Mudassir yana huci kamar butar gahawa,
ido jajir, ƙuraje sun ɓullo ta bayan kunne.

Baƙon dauro ne, in ji kakarsa.
Na ce, baƙo? Ta wace ƙofa?
Wa ya yi masa iso?

Dakta Nasiba ta ajiye jaka kan tabarma,
aka ba ta soɓo, ta riƙe ba ta sha ba.
Ta ce, Baba, abokan aikinka ne.

Can cikin huhu akwai masu sintiri,
fararen ƙwayoyi, ba albashi, ba hutun Juma'a.
Wani ya yi tari a aji, ko a cikin rakasha,
abin ya shigo bisa iska, ƙura ma ta fi shi girma.
Mai sintiri ya cafke shi, ya haɗiye.
Bai yi laifi ba. Aikinsa ke nan.
Ya ɗauke shi sai ofis, nan gefen wuya
inda kake jin kaluluwa,
don ya ce wa manya: ga fuskarsa, ku shaida shi.

Sai dai wanda aka kama
da makullin gidan mai kamun ya zo.
Ba fursuna ba ne, fasinja ne.
Tun a hanya ya zauna a madafin mutum,
da garinsa, da itacensa,
yana toya irin kansa, ɗari, dubu.

A ofis kowa ya taso kallon ɓarawo,
kafaɗa na gugar kafaɗa,
duk wanda aka gaisa da shi ya tafi da rabonsa.
Suka fita cikin kaki,
jini ya kwashe su kamar kogin nan a watan Agusta,
saifa, hanji, fata.
Wa zai tsayar da kaki a shinge
ya ce buɗe cikinka in gani?
Daga ƙarshe su sauke shi a maƙogwaro,
ya hau tari, sai gidan maƙwabta.

Na ce, to zai tashi?
Ta ce, da yardar Allah. Ruwa, da wannan ɗigon, da ido a kansa.
Amma ji sauran, Baba:
cikin waɗanda ya kashe har da tsofaffin ofis,
masu riƙe littafin sunaye.
Gudawar bara, ciwon kunnen bariya,
duk wanda jiki ya taɓa kora
zai iya dawowa ya yi sallama, a ce masa bismilla.
Ka kawo mini ƙanwarsa Rayyan ranar Lahadi.
Allurar nan ɓarawo ce da aka cire wa haƙora,
su gan shi da rana tsaka, su haddace shi.

Ta tafi. Soɓon yana nan.

Akwai abin da ban gaya mata ba.
Wani dare, shekarar da ruwa ya ci gonakin ayaba,
na kama mutum da nadin wayar tagulla.
Na ɗaure masa hannu da rawanina,
na goya shi a keke, na tuƙa tsawon madatsa,
ina haki, ina alfahari.
Muna isa ɗaya gaɓar ya zame kamar tarwaɗa,
daga cikin duhu na ji ya ce,
na gode, dama nan zan zo.

Rawanin ma ban sake gani ba.

Na jiƙa tsumma, na ɗora wa yaro a goshi.
Ƙarƙashin yatsana, a gefen wuyansa,
ofishin ya kumbura, fitila a kunne,
mutanen kirki suna ta kai da kawo.